Bencin Ƙofar Gida: Yadda Ake Zaɓen Katakon da Zai Jure Rana da Gara, Bai Kuma Cuci Daji Ba

Shekara huɗu ke nan da na sa aka yi mini benci biyu da ƙaramin tebur, na ajiye ƙarƙashin rumfar ƙofar gidanmu a nan Yamai, inda samarin layinmu ke zaman fada da dare suna dafa shayi, dattawa kuma su gaji wurin bayan sallar asuba. Ban tambayi sunan iccen ba. An ce mini jan katako ne, na ga ja ne, na biya. Hunturun farko ya tsaga saman teburin gida biyu har ana hango ƙasa ta tsagar. A damina ta biyu, wata safiya yaro ya ɗaga benci zai yi shara, sai ƙafa ɗaya ta rage a ƙasa. Gara ta cinye cikinta tas, fenti kaɗai ke tsaye. Da muka fasa sauran, sai ga farin katako, jan nan duk rini ne.

Kuɗin sun yi mini ciwo, amma iccen ya fi tsaya mini a rai. An sare shi a wani daji mai nisa, an ɗoro shi a mota kwana da kwanaki, ya ƙare a murhu cikin shekara biyu. Ni ɗan Adar ne, na girma ina ganin wahalar da ake sha kafin icce ɗaya ya kai tsawon mutum. Tun daga ranar na shiga bin masu sayar da katako da kafintoci da masassaƙa da tambaya. Abin da na tara shi ne na jera a nan, bisa tsarin da ya kamata mai saye ya bi.

Mataki na 1: Ka san abin da ke kashe katako a ƙasarmu

A gaɓar teku, irin su Kwatano da Lome da Abijan, ruɓewa ce babbar cutar katako, don danshi ba ya yankewa. Mu nan ruwanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma bai cika wuce milimita 600 a shekara a Yamai ba. Tawa ma ba ta samun haka. Abokan gabarmu uku ne: rana, bushewar hunturu, da gara.

Katako ko an yi shekara ashirin da sare shi bai daina shan danshin iska yana mayarwa ba. A Agusta ruwan da ke cikinsa kan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. A Fabrairu da Maris, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, sai ya sauko wajen kashi 5. Duk lokacin da ya sha sai ya kumbura, duk lokacin da ya saki sai ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Allon katako mai faɗin santimita 30 da ya bushe a iskar gaɓar teku zai iya rasa rabin santimita ko fiye idan ya sha hunturunmu. In an riga an danne shi da ƙusa ta gefe biyu, ba shi da wurin tafiya, sai ya tsage. Abin da ya sami teburina ke nan.

Gara kuwa daga ƙasa take hawowa, ta gina hanyar laka, ta shiga ta ƙarshen ƙafa. Ta fi son farin gefen icce, wato tsokar da ke ƙarƙashin ɓawo, inda abincin iccen yake. Zuciyar icce, mai duhun launi, ita ke da ɗaci da mai da ke korar ƙwari. Riƙe wannan da kyau: farin gefe ba ya jurewa, ko na wane icce ne, ko na tek, baƙon iccen nan da ake yabo da ƙarko.

Mataki na 2: Itatuwan da za ka bari, ko da an yi maka araha

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Itatuwan da suka fi ƙarko a yankinmu su ne waɗanda suka fi kusa da ƙarewa, kuma ƙarkon nan ne ya jawo musu.

Madobiya ce kan gaba. Icce ne mai jan ƙaro kamar jini, katakonsa rawaya-rawaya mai ratsin duhu, makiyaya na sassabe ganyensa su ba dabbobi da rani. Buƙatar da ake yi masa a ƙasar Sin, inda ake ƙera kayan ɗaki masu tsada da shi, ta sa aka yi masa kisan kiyashi daga Senegal da Gambiya har Najeriya. A taron yarjejeniyar CITES ta cinikin itatuwa da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Johannesbag a 2016, aka sa shi cikin jeri na 2, wanda ba a ƙetare iyaka da abin da ke cikinsa sai da takardar izini. Abin bai tsaya ba, har a 2022 aka dakatar da fitar da shi daga ƙasashen yankin sai wadda ta kawo hujjar cewa saran ba ya kashe dajinta. Ragowar madobiyarmu tana can kudu, wajen Gaya da gandun dajin da ake kira W. Kada kujerar ƙofar gidanka ta zama dalilin faɗuwar ɗaya daga ciki.

Maɗaci da kawo ma sun shiga wannan jeri a taron Panama na Nuwamba 2022. Kawo, wanda 'yan kasuwa ke kira dusiye ko linge da Faransanci, katako ne da kusan babu kamarsa wajen jure ruwa da gara, kuma na san kafinta zai yaba maka shi. Gaskiya yake faɗa. Sai dai icce ne mai jinkirin girma, kuma ba a shuka shi gona-gona, daga daji ake ɗebo shi. Maɗaci kuwa duk wanda ya bi tsoffin titunan garuruwanmu ya ga yadda masu neman magani suka saɓule ɓawon waɗanda aka dasa tun zamanin Turawa. Iccen da ke fama da wannan bai kamata a ƙara masa zarto ba.

Akwai kuma na gida da doka ta kare: gawo, giginya, goruba, aduwa, tsamiya, kaɗanya, ɗorawa, da shi maɗacin. Dokar gandun daji ta ranar 8 ga Yuni 2004 ita ke tafiyar da sha'anin dazuzzukan ƙasar nan, kuma ba a taɓa irin waɗannan itatuwa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Azarar giginya ta Dallol Mawri tana shekara da shekaru a rufin soro, amma ba don benci aka yi ta ba. Gawo ma ko da a ce doka ba ta hana ba, katakonsa abincin ƙwari ne, amfaninsa yana tsaye a gona, yana zubar da ganye da damina gero na ƙoshi a ƙarƙashinsa. Ƙirya, iccen turmi da taɓarya da gawayin maƙera, gara ba ta iya mata, amma manyanta sun yi wuyar gani a gonaki. A bar wa masassaƙa abin da ya rage.

A ɗaya gefen akwai farin katakon da aka fi sani da samba. Shi ba don tausayinsa za ka ƙi shi ba. Turawa sun kasa katako mataki 5 wajen ƙarko, kawo da tek na daji suna mataki na 1, samba yana na 5. Yana da amfani a silin da ƙwaryar kabad da allon zuba siminti. A waje, shekara biyu ta yi masa yawa. Malaina ma ta ɗan fi shi, amma ba ta ƙafar benci ba ce.

Mataki na 3: Itatuwan da za ka nema

Ƙa'idar da nake bi guda ce: iccen da hannun mutum ya dasa, wanda kuma za a sake dasawa ko ya sake tohowa, shi ya fi cancantar zarto.

Na farko a wurina dogon yaro ne, wanda wasu ke kira bedi. Mun raina shi don yana ko'ina, a makaranta, a masallaci, a bakin titi. Daga Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, kuma ɗan dangin maɗaci ne, gidansu ɗaya a wurin masana itatuwa. In ka ga tsohon dogon yaro da aka tsaga, zuciyarsa ja ce mai duhu, mai nauyi, mai ɗaci, gara ba ta yi mata saurin da take yi wa sauran. Kuma in an sare shi daga sama ko daga gindi yana sake tohowa. Mutanen jihar Tawa sun san wannan fiye da kowa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tazarar kusan mita 100 tsakanin layi da layi, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar agaji ta CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne gero. Da itatuwan suka girma, sai aka riƙa sare rassansu bi da bi ana samun sanduna da itacen wuta, gindin na nan yana sake fitowa. Irin wannan saran nake nufi in na ce icce ya fito ta hanya mai kyau.

Aibin dogon yaro shi ne ba kasafai yake ba da dogon allo miƙaƙƙe ba, kuma zarensa a sarƙe yake, yana wahalar da mai gogewa. Amma benci da kujera ba sa buƙatar dogon allo. Guntaye masu mita ɗaya da rabi sun isa. Nemi gungumen da kaurinsa ya kai santimita 35 ko 40, don ƙaramin icce kusan duk farin gefe ne. Inda ake samunsa: gidan da za a yi gini a sare tsohon icce, ko wanda iskar farkon damina ta kayar, ko wanda ma'aikatar magajin gari ta sa aka cire don aikin titi. Sai dai a nan ma da tarko. Itatuwan da aka soma dasawa kewaye da Yamai tun 1965 don su zame wa birnin garkuwa daga iska da ƙura, yawancinsu dogon yaro ne da turare, kuma masu yankan filaye da masu saran dare sun ci su da yawa. Gungumen da ya fito daga can da tsakar dare bai fi na madobiya tsarki ba. Ka tambayi inda aka sare, ka ga takardar izini, in kai ne mai iccen ka je ofishin gandun daji na yankinku kafin ka kira mai zarto.

Na biyu tek ne. Asalinsa Indiya da Bama da Tailan da Lawos, amma an daɗe ana shuka shi gona-gona a Benin, musamman wajen dajin Lama, da Togo da Gana da Kodebuwa da Najeriya. Yana da mai a jikinsa, ba ya yawan motsi tsakanin damina da hunturu, kuma ƙarfe ba ya saurin tsatsa a cikinsa. In aljihu zai ɗauka, shi ne katakon waje. Abin lura shi ne tek na gona da aka sare yana ɗan shekara 10 ko 15 rabinsa farin gefe ne, zuciyarsa ma ba ta gama nuna ba. Wanda ya haura shekara 20 ake so. Kafinta zai ce maka yana dakushe zarto. Haka ne, akwai ƙwayar yashi a jikinsa, kada ka ga laifinsa in ya ƙara kuɗin aiki.

Na uku turare, wanda ya zo daga Ostareliya, ana dasa shi a fadama da bakin kogi da gefen gonakin shinkafa. Zuciyarsa ja ce, mai tsananin nauyi da ƙarko. Amma yana da taurin kai wajen bushewa, yana murɗewa yana fashewa. Ni dai ƙafafu da sandunan riƙo nake ba shi, ba na yin saman tebur da shi.

Iroko kuwa, wani babban icce na ƙasashen gaɓar teku, yana tsakanin waɗanda za ka nema da waɗanda za ka bari. Ba ya cikin jerin CITES, ƙarkonsa na mataki na 1 zuwa na 2 ne, amma daga kurmi ake sare shi. In da takardun da ke nuna inda ya fito, ka saya. In babu, ka wuce.

Sannan akwai wanda ya fi duka sauƙi ga daji: tsohon katako. Tsoffin ƙofofi, dogaran taga, katakon rufin gidan da aka rushe. Ya riga ya sha hunturu talatin, ya gama duk motsin da zai yi, wanda gara za ta ci ta riga ta ci. Katakon dandamalin ɗora kaya, wanda ake kira palet, yawanci mai laushi ne, bai dace da ƙafa ba. In za ka yi amfani da shi, duba tambarin da ke gefensa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB na nufin hayaƙin guba aka yi masa, shi kada ka kawo inda yara ke zama.

Mataki na 4: A kasuwar Katako ta Yamai

Ƙasarmu ba ta da kurmi, kusan duk katakon da aka tsaga daga waje yake shigowa, wani ta Najeriya ta Ƙonni da Maraɗi, wani daga ƙasashen gaɓar teku. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, ta kan iyakar Benin, a 2023 hanyoyin kaya suka sauya, kuma idan hanya ta yi tsawo hannaye kan yi yawa, asalin kaya kan ɓace. Shi ya sa tambaya ta zama tilas.

Tafi da kafintanka, kada ka tafi kai kaɗai. Bayan gaisuwa, kada ka ce a ba ka jan katako, don jan katako ba sunan icce ba ne, tarkace ne na itatuwa barkatai, mai kyau da marar kyau. Ce masa: "Alhaji, wannan wane icce ne, da sunansa?" In ya ce iroko ne ko tek, sai ka bi da: "Daga wace ƙasa, kuma yaushe ya sauka nan?" Sannan: "Akwai takardar duwan da ta gandun daji da ta rako shi?" Ɗan kasuwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Zai iya ce maka takardun na wurin babban dillali, sai ka nemi ya nuna maka ko da hotonsu a waya. Wanda ya fusata, ya riga ya ba ka amsa.

Za ka ji ana maganar tambarin FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993 mai hedikwata a Bon ta Jamus, ko na PEFC, wata ƙungiya irinta. Suna shaida cewa an bi ƙa'ida daga daji har wurin sayarwa, kuma akwai dazuzzuka masu wannan shaida a Gabon da Kamaru da Kwango. Sai dai yawancin katakonsu Turai yake nufa, ni ban cika ganinsa a rumfunanmu ba. In kana sayen kujerun da aka riga aka ƙera daga shagon kayan waje, nemi tambarin, kuma na gaskiya yana tafe da lambar lasisi da ake iya bincikawa a intanet. A kasuwar Katako kuwa, sunan icce da ƙasar da ya fito da takardar hanya su ne abin da za ka iya samu, kuma sun fi babu nesa ba kusa ba.

Daga nan sai gwajin hannu. Sa a yanke ɗan ƙarshen allo, ko a kankare fuskarsa, ka ga ko launin ciki ya yi daidai da na waje. Danna farce: in ya shiga, samba ne ko ɗan'uwansa. Ɗaga shi. Busasshen allo mai tsawon mita 2, faɗin santimita 20, kaurin santimita 3, in samba ne bai wuce kilo 4 da rabi ba, in tek ne ko iroko zai kai wajen kilo 8, kawo kuwa ya doshi 10. Amma ka tuna ɗanyen farin katako ma yana da nauyi, don haka haɗa gwajin da na farce. Tek sabon yanka yana da maiƙo a hannu da wari kamar na jimammiyar fata. Iroko sabon yanka rawaya ne, sai ya sha iska yake komawa ƙasa-ƙasa. Duba ƙarshen kowane allo ka ƙiyasta farin gefensa, don kuɗinsa za ka biya amma zubar da shi za a yi. Allon da ke da ƙananan huji yana zubo gari kamar na gero, ƙwaro na ciki, ajiye shi. Allon da tsakiyar iccen ta ratsa shi ma zai fashe ko ba jima.

Mataki na 5: Shanya, inda yawancinmu ke gazawa

Ba wanda ke son ya sayi katako yau a ce masa sai bayan wata biyar zai zauna a kai. Amma wannan jiran shi ke raba bencin shekara biyu da na shekara ashirin. Sayi katakonka a Oktoba ko Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, ka bar shi ya sha hunturu a jere, a soma aiki a Maris. Abin da aka haɗa yana bushe ƙarau, in damina ta zo kumbura zai yi gaɓoɓinsa su ƙara kamawa. Abin da aka haɗa a Agusta, in hunturu ya zo sai ya saki ya riƙa rawa.

Jera shi a inuwa, ba a rana ba. Ranar Yamai tana busar da fuskar allo cikin kwanaki alhali cikinsa da ruwa, sai fuskar ta tsattsage. Ɗora shi bisa bulo, aƙalla santimita 30 daga ƙasa. Tsakanin allo da allo sa siraran sanduna busassu masu kaurin santimita 2, kowane rabin mita, kowace sanda daidai saman ta ƙasa da ita. Danne saman jerin da bulo ko duwatsu don kada ya lanƙwashe. Shafe ƙarshen kowane allo da fenti mai kauri ko narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. In ɗanyen dogon yaro ne ko turare da aka tsaga yanzu, rataya buhu ko tabarma ta gefen da iskar gabas ke bugowa a makonnin farko, a rage masa sauri. Ƙafafu masu kauri na iya neman fiye da hunturu ɗaya.

Ta yaya za ka san ya bushe? In kafinta na da na'urar auna danshi, nemi kashi 8 zuwa 10 ko ƙasa. In babu, zaɓi allo ɗaya daga tsakiyar jerin, ka auna shi a sikeli kowace Juma'a ka rubuta. Ran da ya yi mako uku nauyinsa bai ragu ba, ya gama.

Mataki na 6: Zama da kafinta

Katako mai kyau a hannun mai gaggawa asara ce. Ka zauna da shi ku yi magana kafin ya ɗora zarto. Ka ce: "Malam, wannan na waje ne, rana da ruwa za su taɓa shi, don Allah kada farin gefe ya shiga ƙafa ko ɗaya." In ya zama dole a yi amfani da shi, a kai shi jingina, can sama.

Wurin zama da saman tebur a yi su da siraran katako masu faɗin santimita 5 zuwa 7, a bar tazarar rabin santimita ko ɗan fiye tsakaninsu. Ruwa zai zube, ƙura za ta faɗi, kowane sili zai yi motsinsa ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba. Tsayin wurin zama santimita 43 zuwa 45, tebur na cin abinci 75, na shayi 40 ya isa. Benci in ya wuce mita ɗaya da rabi a sa masa ƙafa a tsakiya, don a fada ba a ƙirga masu zama.

Gaɓoɓi a sassaƙa su, harshe ya shiga rami, a soke da turken katako. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe abin da ke kumbura yana tsukewa. Inda za a sa ƙusa mai murɗi, a nemi wadda ba ta tsatsa ko ta farin ƙarfe mai rufi, a huda rami tukuna. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da ruwan turare ko na iroko yana barin baƙin tabo, daga baya ya cinye wurin. Gam ma a tabbatar mai jure ruwa ne. Kuma in iroko ne ake gogewa, yaran shago su rufe hanci, ƙurarsa tana tayar da tari da ƙaiƙayi.

Ƙarshen ƙafa shi ne ƙofar gara da ruwa. A goge kaifinsa, a shayar da shi mai har ya ƙi sha, a buga masa guntun robar tayar mota a ƙasa don kada ya taɓa laima. Wata dabara da na ga ta yi amfani ita ce a yi ƙafafun da ƙarfe wurin mai walda, a ɗora katako a wurin zama da jingina kaɗai. Katakon da za ka saya ya ragu da kusan rabi, gara kuma ba ta da matakala.

Mataki na 7: Mai, mazauni, da kulawa

Kada ka yarda a shafa banish mai ƙyalli, wanda masu Faransanci ke kira werni. A ɗaki yana da kyau. A waje rana na fasa shi cikin watanni, ya riƙa ɓarewa, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya kasa fita. Mai da ke nutsewa cikin katako ya fi: dafaffen man lin da ake samu wurin masu kayan fenti, a sirka shafi na farko da ɗan tarfentin don ya shiga ciki, a shafa sau biyu ko uku, kowane shafi a goge rarar bayan rabin awa a bar shi ya kwana. Tsummokin da aka yi aikin da su kan kama wuta da kansu in an dunƙule su an jefar, balle a zafin Afrilu. A jiƙa su da ruwa ko a shimfiɗa su a fili su bushe. Tek ba ya ma buƙatar mai, in ka bar shi zai koma launin toka ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba.

Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana korar gara, amma yana da guba, yana ɓata tufafi, yana kuma zuba cikin ƙasar da yara ke wasa. Ban yarda da shi a kan abin zama ba.

Mazaunin benci ya zama daɓen siminti ko shimfiɗar duwatsu, ƙarƙashin rumfa ko inuwar icce, nesa da bakin indararo da wurin alwala. Kada a jingina shi da katangar ƙasa. In za a rufe shi da damina, a bar iska ta riƙa shiga ta ƙasa, leda da aka ɗaure tam tana tara gumi.

Sau biyu a shekara ake duba shi. A Mayu, kafin hadarin farko, a wanke ƙura, a bi da sanfefa sama-sama, a ƙara mai. A Nuwamba, da iska ta juya, a ɗaure duk ƙusar da ta saki, a cika ƙananan tsaga da garin katakon da aka kwaɓa da gam. Tsakanin nan, duk mai shara ya riƙa gusar da bencin daga wurinsa kowane mako yana duba ƙafafun. In an ga siririyar hanyar laka ta hau, a kankare ta nan take, a kife bencin ƙafafu sama ya yi wuni ɗaya a rana, sannan a bi hanyar a ga daga ina ta ɓullo, domin gidan garar na iya kasancewa ƙarƙashin daɓen ko cikin tarin itacen wuta da ke kusa.